Dutsen da Muke Gasa wa Mazan Gidanmu

Tun kafin wani abu ya sami Baba, akwai wata tsayuwa da yake yi wadda ba na so. Daga ƙofar gidanmu a Jambutu zuwa masallacin unguwa ba nisa ba ne, ko tsohuwa mai sanda ba ta hutawa a tsakani. Amma a shekarunsa na ƙarshe, in ya kai gindin darbejiyar da ke tsakiyar hanya sai ya tsaya. Ya sa hannun dama ya dafe kafaɗarsa ta hagu, ya ɗaga kai yana kallon rassa kamar mai neman wani tsuntsu. Sai ya ɗan jima sannan ya wuce. Ni kuwa ina leƙensa ta kafar ƙyaure. Ban faɗa wa kowa ba, don ban san me zan ce ba. Wa zai saurari yarinyar da ta zo tana cewa ubanta ya cika kallon bishiya?

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwarsa, Allah Ya yi masa rahama. Lokacin ina da cikin fari. Yau 'ya'yana uku, babban cikinsu, mai sunan Baba da muke kira Abba, har ya shiga lekol, wato makarantar boko. Kowace shekara in watan ya zagayo mukan dafa shinkafa mu toya waina a raba wa maƙwabta, maza su zauna a zaure su yi addu'a. Kowace shekara kuma, da an shafa fatiha, sai a koma kan gardama guda, wadda ta fara tun ranar sadakar uku kuma har yau ba ta mutu ba: ciwon da ya kashe Malam Garba mahauci, wato Baba, na zamani ne ko na da? Ni daga tsakar gida nake jin su ina wanke kwanuka. Wallahi na gaji da jin ta. Bana na ce bari in faɗi abin da idona ya gani, tunda a zaure ba a tambayar mata.

Gidanmu gidan fawa ne. Kakan Baba ya zo Garwa daga ƙasar Kano a bayan shanu, ya zauna, tun daga nan kowane namiji a gidan da wuƙa yake tashi. Aure ma bai fitar da ni daga gidan ba, don ɗan Baffa na aura, Baffa kuwa ƙanen Baba ne, sashensu yana bayan namu. Baba dogo ne siriri, in ya tuɓe riga kana iya ƙirga haƙarƙarinsa. Bai taɓa sa taba a bakinsa ba, goro ma sai an matsa masa. Da asuba yake tafiya mayanka a ƙafa, ya saɓo cinyar saniya a kafaɗa har teburinsa a kasuwa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce Uwata.

Yana da wani karatu nasa da yake son koya wa mutane. In aka yi dace ya yanka shanu iri biyu rana ɗaya, sai ya naɗo zukatansu a takardar siminti ya kawo gida, ya tsuguna bakin rariya ya kira ni.

"Uwata, zo ki ga abin da ba a koyarwa a lekol. Wannan zuciyar san daji ce, daga Bibemi ya tako da ƙafarsa. Duba, ja wur, ba komai a jikinta. Wannan kuma ta turkakke ce, wanda aka ɗaure a gida ana ɗura masa dusa da ƙulin auduga. Ga kitse nan ya naɗe ta kamar rawani. To wannan shi ne fonksiyone, ma'aikacin gwamnati mai zaman biro, ofis ke nan, a ƙarƙashin fanka. Ubanki kuwa wancan ne."

Sai ya yi dariya, ya miƙa wa Inna ta yi mana farfesu da su duka biyun.

A wurinsa magana ta ƙare a nan. Ciwon zuciya na masu kujera ne, na waɗanda mota ke ɗauka daga ƙofa ta ajiye a ƙofa. In aka ce wani babba ya yanke jiki ya faɗi a ofis, Baba zai yi salati, ya yi masa addu'a, sannan ya ce a hankali, "Turke ne." Ban ga laifinsa ba. Da idonsa ya gani, da hannunsa ya taɓa, shekara da shekaru.

Ciwo ɗaya ne Baba ya yarda yana da shi, shi ma ba ya kiransa ciwo. Kafaɗar mahauta, haka ake ce masa a gidanmu. Wanda ya daɗe yana saɓa nama a hagu, don dama ta riƙe wuƙa da gatari, dole wata rana kafaɗar ta nemi hakkinta. Maganinta kuma yana nan a bayan murhu: wani baƙin dutse mai santsi na bakin Binuwai, bai fi curin fura biyu ba. A tura shi cikin garwashi, in ya ɗauki zafi a naɗe shi da tsumma, a shafa wa mutum man shanu, a danna masa a kafaɗa da gefen ƙirji. Na tashi na tarar da dutsen nan kamar yadda na tarar da turmi. Da na yi wayo aikin ya dawo hannuna, don Baba ya ce hannun Inna nauyi gare shi.

Ni da ke gasawa, ni na fara ganin abin bai hau ba. Baba ya daɗe da daina ɗaukar nama, an sayi baro ana turawa, amma kafaɗar sai gaba take yi. Ba ta tashi in yana zaune. Sai in ya yi sauri, ko ya hau tudu, ko ya ci ya ƙoshi ya miƙe. Kuma dutse ba ya zafi nan take, sai an hura wuta an jira. Kafin in naɗo shi in kawo, gumin da ya keto wa Baba ya bushe, fuskarsa ta dawo, har ya fara tsokanar Inna. In na danna masa sai ya ce alhamdu lillahi, dutsen nan bai taɓa ba shi kunya ba. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, ai kafin in kawo ya riga ya lafa." Ya ce, "Uwata, tsoron dutsen yake ji. Da ya ji kin hura wuta sai ya gudu." Na yi dariya, don in Baba ya yi magana dariya ake yi. Amma a raina na san zaman da yake yi yana jira shi ne ke kwantar da abin.

Shekarun nan ba su yi wa masu fawa daɗi ba. Rikici ya tashi can arewa da mu, iyaka yau a buɗe gobe a rufe, dillalan da ke bi ta Mayo-Ulo suka ɗauke ƙafa, makiyaya suka yi nisa da dabbobinsu don tsoron masu satar mutane. Shanu suka yi wuya, masu sayen tsoka suka koma sayen ƙashi da kayan ciki. Baba ya rage magana. Ya kira wanzami ya yi masa ƙaho a bayan kafaɗa, wanzami ya zubar da baƙin jini a ƙasa ya ce ga mataccen nan ya fita. Baba ya ji daɗi kwana biyu, sannan ya koma kallon darbejiya.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, cikin zafin nan na Garwa da ke sa kwalta ta yi laushi. Yana tsaye a teburinsa yana sara wa wata mata ƙashi. Waɗanda ke wurin suka ce ya ajiye gatarin a hankali, ya ce da maƙwabcinsa a aika gida Uwata ta sa dutse a wuta, ga shi nan tafe. Sannan ya zauna a benci ya jingina da ginshiƙi. Saƙo ya iso ni, na hura wuta na tura dutsen. Yana cikin garwashi aka sake zuwa aka ce mu taho asibiti.

Mun same shi da sauran numfashi, amma bai kai la'asar ba. Likitan ɗan kudu ne, Faransanci yake yi, wata ma'aikaciya tana juya wa Baffa da Fillanci, Baffa yana juya wa Inna da Hausa. Abin da ya iso kunnena shi ne, ita ma zuciya tana da nata ƙananan hanyoyin jini da take rayuwa da su, sirara kamar tsinken tsire, kuma su ne suka toshe, a hankali, cikin shekaru. Baffa ya ce, "Ku gaya masa mutumin nan ba shi da kitsen da za a shafa wa wuƙa." Likita ya ce ba wanda ake gani a waje ba ne, a cikin hanyar yake taruwa, siriri ma yana samunsa. Sannan ya tambaya ko a dangi an taɓa yin irin wannan mutuwa. Baffa ya ce babu.

Baffa bai ƙaryata likita ba, har yau. Abin da ya tsaya a kai shi ne ta ina ciwon ya shigo mana gida. A wurinsa ta tukunya ya shigo: dunƙulen kanti da ya kori daddawa, man jarka da ya kori man shanu, burodi da shayi da taliya, ga kuma tunanin kasuwa da ke hana mutum barci. Kowace shekara sai ya maimaita a zaure, "Iyayenmu tuwon dawa suka sani, suka yi shekara tamanin suna takawa har Ngaundere. Yaya bai faɗi ba sai da zamani ya zauna masa a akushi." Yawancin mutane sukan ce haka ne. Akwai wani tsohon malamin lekol, maƙwabcinmu, shi kaɗai ke cewa ciwon tsoho ne, na'urar ganinsa ce sabuwa. Sai a ce masa, "Kai ai da kai da zamanin uwarku ɗaya." A yi dariya, a miƙo shayi mai sukari har yana ɗanko, kowa ya sha ya tashi.

Da abin da na ji a zaure kaɗai ne, da na bi Baffa na huta. Amma bayan rasuwar ba da daɗewa ba na haifi Abba, Dada ta zo ta tsaya a kan wankan jegona. Dada ita ce mahaifiyar Baba da Baffa, wadda nake takwararta. Ƙarfi ya ƙare mata, sai dai ta zauna a kujera 'yar tsuguno tana ba da umarni. Wata safiya ana dafa ruwan wanka ta hango dutsen a bayan murhu, ta zungure shi da sandarta.

"Har yanzu wannan yana nan?"

Na ce, "Dada, ai dutsen Baba ne."

"Na Baba? Takwara, ubanki yana goye a bayana uwar mijina ke gasa wa nata mijin dutsen nan. Ta bar mini, na gasa wa kakanki har hannuna ya yi kanta. Ke ce ta huɗu, in an sa uwarki."

Na tambaye ta ko shi ma kakana yana tsayawa a hanya.

"Shi ƙaya yake cirewa. Muna tafiya biki a kan yashin bakin kogi, sai ya duƙa wai ƙaya ta soke shi. Ina ƙaya a yashin Binuwai? Da takalmin fata a ƙafarsa kuma. Ni sai in tsaya in gyara goyo, in yi kamar ban gani ba. Namiji ba ya so a ga ya gaza."

Ta ce a kasuwar shanu ya cika, yana jan igiyar wani bajimi. Ya saki igiya, ya zauna, gumi ya wanke shi, shi ke nan. Aka ce mai san ne ya yi masa jifa don ba su daidaita a ciniki ba. Shi kuma mahaifinsa, wanda ya zo daga Kano, a kan buzun salla aka same shi bayan ya dawo daga mayanka, aka ce ya yi kyakkyawar cikawa, kowa ya yi fatan irinta. Na ce mata Baffa yana cewa mutanen da shekara tamanin suke yi. Ta ce, "Wa ya yi tamanin? Ni ce na yi. Su ko furfura ba su gama ba. Kuma a lokacin wa ya san dunƙule? Gishiri ma sai fatake sun zo." Na ce to me ya sa ba ta faɗa ba da likita ya tambaya. Ta ce, "Wa ya tambaye ni? A da ba a buɗe mutum a duba. A ce kwana ya ƙare, a ɗauka a kai."

Ban ce Baffa ya yi wa likita ƙarya ba. Yana ƙarami aka gaya masa jifa aka yi wa ubansa, ya girma da haka. A wurinsa mutuwa uku ce daban-daban: ɗaya ta waliyyi, ɗaya ta maƙiyi, ɗaya ta zamani. Mu da ke hura wuta ne kaɗai muka ga duk ukun sun nemi dutse guda kafin su tafi. Dada ta bi ɗanta bayan shekara biyu, maganar ta rage a wurina.

Wani lokaci in ina hanyar kasuwa nakan tambayi kaina, da Baba zai dawo ya ga Garwa ta yau, me zai ce? Na san farkon abin da zai faɗa. Zai ga mahauta sun ɗaura cinya a bayan moto, wato babur, ba mai takawa ko zuwa bakin titi. Zai ga a kowane shagon magani an ajiye abin awon tansiyo, wato hawan jini, mata sa'o'ina suna layi suna miƙa hannu. Zai ga masu tukuba suna barbaɗa dunƙule a kan tsire kamar yaji bai ishe shi ba, yara kuma ba sa cin tuwo sai an yi faɗa. Zai tafa hannu ya ce, "Uwata, ban gaya miki ba? Gari duk ya zama turke." Kuma ba zan iya ce masa ƙarya ne ba. Ni ma da idona ina ganin abin ya yi yawa yanzu, yana kuma kama mutane da sauran ƙuruciyarsu.

Da na je awon cikin autata na tambayi ma'aikaciyar da ke duba mu, wata dattijuwa mai haƙuri. Na ce mata tsakanin surukina da kakata wa ke da gaskiya. Ta ce kowa ya riƙe gefe. Gishiri da sukari da maiƙo da taba da yawan zama suna hanzarta shi, amma akwai gidajen da yake bin jininsu, kuma su ne ya kamata su fi kowa zuwa a duba su da wuri. Ta ce akwai na'urar da ake manna wa mutum wayoyinta a ƙirji, akwai awon jini, akwai magungunan da ke riƙe shi, mutum ya daɗe yana harkokinsa. Daga ranar na rage mai da gishiri a miyata, na koma daddawa. Abin da ke hannuna ke nan.

Da zan sami Baba in gaya masa labarin Dada, ban san ko dariya zai yi ba. Mutum ne mai girmama abin da ido ya gani. Ya tsaga zukata ba adadi, amma bai taɓa bin ƙananan hanyoyin nan da bakin wuƙa ba, don ba mai sayen nama da ya taɓa tambayarsu. Da an nuna masa, ina zaton da ya tsuguna bakin rariya ya duba da kyau. Ba a nuna masa ba.

Duk wannan ba shi ya sa ni rubutu ba. Mijina ne. Tun muna yara Hamma nake ce masa, har yau ban sauya ba. Shi ma mahauci ne, shi ma siriri, tafiyarsu ma ɗaya da Baba in ka hango shi daga baya. Bara da rani muna dawowa daga suna a ƙafa, muna hawowa daga wajen kogi, yana gaba ina binsa da goyo. Sai ya tsaya ya ciro waya daga aljihu ya zuba mata ido. Na iso kusa da shi, na ga fuskar wayar baƙa ƙirin, ba kira ba saƙo. Ya ɗan jima, ya mai da ita aljihu, ya ce mu je. Na gyara goyo na yi kamar ban gani ba, sai da muka isa gida na tuna wadda ta taɓa gaya mini ta yi haka.

Tun daga nan na ga ya ciro wayar nan a inda ba ta yi ƙara ba fiye da yadda zan so. Sai wata ranar, kafin azumin bana, mai ya ƙare masa a hanya ya turo moto har gida. Ya shigo ya zauna a bakin ƙofar ɗaki, gumi yana bin wuyansa, ya ce, "Maman Abba, ina dutsen Baba? Sa mini shi a wuta." Hamma bai taɓa saɓa nama a kafaɗa ba. Tun da ya fara fawa a kan moto yake ɗauka.

Ban sa ba. Na kawo masa ruwa na zauna gefensa ina kallonsa. Can na ga numfashinsa ya daidaita, ya fara neman takalminsa. Na ce, "Hamma, ka gani? Ba dutse, ya tafi. Haka na Baba yake yi."

Ya ce, "To Dokta, kin warkar da ni da ido. Nawa ne kuɗin aikinki?"

Na ce ba wasa nake yi ba, ya je a duba shi.

"Ciwon masu biro za ki liƙa mini? Ni da nake tsaye daga asuba har azahar, ga miyar da kika mayar kamar ta asibiti? Ni san daji ne, yarinya. In na je aka manna mini wayoyi a ƙirji, gobe a mayanka ba zan sha ruwa ba. Za su ce a kawo wa fonksiyone kujera da fanka."

Da na fara hawaye sai ya sauke murya ya ce to, bayan Babbar Salla in aiki ya lafa. Sallar ta zo ta wuce. Yanzu damina yake jira ta ɗauke.

Na rasa yadda zan yi, na je na durƙusa gaban Baffa, abin da ban taɓa yi ba a kan maganar ɗansa. Na gaya masa duk abin da Dada ta faɗa, da ƙayar, da igiyar bajimi. Yana jan carbi bai dube ni ba. Da na gama ya ce tsohuwa ta ɗan rikice a ƙarshen rayuwarta, in tashi in je in kula da yara. Na miƙe, har na kai bakin ƙofa ya ce, "Yana tsayawa a hanya?" Na ce yana tsayawa. Sai carbin ya daina tafiya.

A nan na gane abin da ya sa gardamar zaure ba ta ƙarewa. In ciwon na zamani ne, mutum zai iya ture akushi ya ce ya tsira, ya zagi kanti, ya zagi tsada. In kuwa na gida ne, to Baffa yana ɗauke da shi, kuma da kansa ya miƙa wa ɗansa. Wane uba ne zai so ya yarda da wannan? Ina tausayinsa. Amma duk shekarar da ya ci gardamar nan a zaure, Hamma yana zaune a gefensa yana ji, ya fito da ƙarin dalilin ƙin zuwa asibiti.

Shekara bakwai, me ya rage na Baba? Teburinsa wani ne a kai yanzu. Wuƙaƙensa suna wurin Hamma, ƙotarsu ta lotsa daidai yatsun Baba. Har yau akwai matan da in sun je sayen nama sukan ce a yi musu yankan Malam Garba, wato kada a ɓoye ƙashi a ƙarƙashin tsoka, wannan kuwa yana faranta mini rai. Akwai Abba, mai dogayen ƙafafunsa da irin dariyarsa, wanda in yana barci da rana nakan sa hannu a ƙirjinsa ba tare da na san me nake nema ba. Dutsen na ɗauke shi daga bayan murhu na sa a ƙasan kwallata. Na kasa jefar da shi, hannun mata huɗu ya taɓa, amma ba zan bar wa 'yata shi ba. Sai kuma maganarsa ta san daji da turkakke, wadda ta fi komai nasa daɗewa, yara ma a mayanka sun haddace ta. Baba ya bar abubuwa masu kyau da yawa. Wannan ɗaya da na so a ce an binne ta tare da shi.

Na san Hamma zai ji haushi in aka karanta masa wannan, zai ce na kai sirrin gida kasuwa. Na yarda ya yi fushi da ni, in dai yana nan da ransa yana fushin. Ni na yi iyakar abin da bakina zai iya, maganata ta zama kamar ƙarar fanka a kunnensa.

Saboda haka ga roƙona, musamman ga mahautan Garwa da suka san gidan Malam Garba, waɗanda suka ci wainar sadakarsa. Ku yi wa Baba addu'a. Gardamar kuma ku ci gaba da ita in kuna so, ko na da ne ko na yanzu, ni ba ta dame ni ba kuma. Amma in kuna tafiya da Hamma kuka ga ya tsaya ya ciro waya alhali ba ta yi ƙara ba, don Allah kada ku tsokane shi, kada kuma ku yi kamar ba ku gani ba. Ɗayanku ya ɗora shi a bayan moto ya kai shi a duba masa ƙirji, ya zauna tare da shi har a gama.